WAYA A HANNU, IYALI A GEFE

Karatu: Kubawar Shari'a 6:4-9; Luka 10:38-42; 1 Korantiyawa 6:12

    

Yau za mu yi magana a kan wayar hannu. Mun san da jin haka waɗansu iyaye za su ce, "Yawwa, a kira yaran nan su zo su ji." A'a, ku bar yara tukuna. Maganar yau tamu ce, mu manya: maigida da uwargida, dattawan ikilisiya, matan zumunta, har da mu da muke wannan magana.

ABIN DA MUKA GANI A WANI GIDA

Kwanakin baya mun kai ziyara wani gida a nan cikin Minna. Akwai wata tsohuwa a gidan, mahaifiyar maigidan. Rashin tsaro ne ya raba ta da ƙauyensu a wajen Shiroro, ta dawo wurin ɗanta. Hausarta kaɗan ce, Gbagyi take ji sosai. Bayan an ci abincin dare muka zauna a tsakar gida. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Kowa ya sa hannu a aljihu. Maigida ya fito da wayarsa, uwargida ta fito da tata, ƙanen maigida ma haka. Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma da muka zo ziyara muka fito da tamu, wai za mu duba wani saƙo. Tsakar gida ta yi tsit. Ba ka ganin kome sai fuskoki masu haske, kowa ya sunkuyar da kai.

Can sai tsohuwar ta yi magana da harshenta. Uwargida ce ta fassara mana daga baya. Cewa ta yi, a ƙauye in dare ya yi wuta ɗaya ake hurawa, kowa ya matso kusa. A nan kuwa kowa da wutarsa a hannu, amma ba wanda take ɗumamawa.

Jikanta ɗan shekara shida bai gane abin da ta ce ba. Ya taɓa gwiwar mahaifinsa, ya ce, "Baba, me Kaka ta ce?" Shiru. Ya sake cewa, "Baba." Sai a kira na uku uban ya ce, "Ina zuwa," bai ko ɗaga kai ba. Yaron ya tashi ya shige ɗaki.

Mun bar gidan nan da kunya. Ba wanda ya yi zagi, ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya kalli wani abin ƙazanta. Duk da haka an yi hasara a daren nan. Kaka tana da magana, jika yana da tambaya, wanda zai haɗa su kuwa hankalinsa yana wani wuri.

WAYA KYAUTA CE, KADA MU MANTA

Kada wani ya ce mun zo mu zagi waya. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna yadda muke kafin shekarar 2001. Layukan tarho a dukan Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. In an yi rasuwa a ƙauye, sai a tashi mutum ya hau mota ko keke ya kai labari. In kana so ka aika wa ɗanka saƙo a Kaduna ko Legas, sai ka je tasha ka roƙi direba ya kai maka wasiƙa. A watan Agusta na 2001 aka fara wayar salula ta GSM a ƙasar nan. Layi ɗaya a lokacin ya kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti ɗaya. Mun tuna masu lema a bakin titi, inda muke bin layi mu biya mu yi kira, muna magana da sauri muna duban agogo.

Yau manomin doya a Gwada yana jin farashin kasuwa kafin ya ɗauki kaya. Uwa tana jin muryar 'yarta da ke makaranta a Gidan Kwano. Ana tura kuɗin asibiti cikin minti ɗaya. A ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, sau da yawa kiran waya ne yake sa mutane su tsere kafin 'yan bindiga su iso. Littafi Mai Tsarki ma yana cikin waya, ana karantawa, ana sauraro. Domin dukan waɗannan muna yi wa Allah godiya.

Amma wayar da ke hannunmu yau ba irin ta 2001 ba ce. Waccan, in ka gama kira sai ka ajiye. Wannan ba ta so a ajiye ta. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, daga baya TikTok ya biyo. Da su waya ta tashi daga abin kira, ta zama wurin zama.

DON ME AJIYE TA YAKE DA WUYA?

Ɗan'uwa, in ka sha cewa "minti biyar kawai", ka ɗaga kai ka tarar awa guda ta wuce, kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai raunin zuciya. Da gangan aka gina abin haka. Yawancin kafafen sada zumuntan nan ba ka biyansu kuɗin shiga. Da talla suke samun kuɗi. Gwargwadon daɗewarka kana kallo, gwargwadon tallan da za su nuna maka. Wato lokacinka shi ne hajar da suke sayarwa.

Ba mu muka ƙago wannan magana ba. A shekarar 2017, Sean Parker, wanda ya fara riƙe shugabancin kamfanin Facebook, ya faɗa a bainar jama'a cewa tun farko abin da suka sa gaba shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa iyakar iyawa. Akwai kuma wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, wanda a 2006 ya ƙirƙiro dabarar nan da ke sa shafi ba ya ƙarewa, kana ja da yatsa wani abu yana ta fitowa. Daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadama. Littafi yana da shafin ƙarshe. Shirin rediyo yana da sallama. Kwanon tuwo yana da gindi. Wannan kwano kuwa an cire masa gindi, domin kada ka san lokacin wanke hannu.

Tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masanin halayya a Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tantabaru. Ya ga cewa in tsuntsu bai san lokacin da hatsi zai faɗo ba, wani sa'i ya samu, wani sa'i ya rasa, to ba ya daina saran maɓallin. Da wannan igiya caca take ɗaure mutum. Da ita kuma waya take jawo hannunmu: ko wani ya yi mini magana, ko an yaba hotona, ko wani sabon labari ya fito.

Gaskiya ita ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa yawan latsa waya cikin jerin cututtuka ba. Abin da ta amince da shi a 2019 shi ne cutar jarabar wasannin bidiyo. Amma alamun da ta ba da na wannan cuta sun isa mu auna kanmu da su: mutum ya kasa tsai da kansa, abin ya sha gaban sauran hidimomin rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, jaraba. Mukan ce wane yana da jarabar taba, mukan kuma roƙi Allah ya tsare mu daga jaraba. Kalmar ta dace ta kowane gefe.

MA'AUNI BIYU NA MANZO BULUS

A Koranti akwai masu bi da suke taƙama da 'yancinsu, suna cewa ba abin da aka haramta musu. A 1 Korantiyawa 6:12 Manzo Bulus bai tsaya gardama da su a kan halal da haram ba. Ya ba su ma'auni biyu. Na fari, abin nan yana da amfani? Na biyu, wa yake mulkin wani, kai ko shi? Bulus ya ƙudura cewa ba abin da zai bari ya mai da shi bawa.

Bari mu ɗora wayarmu a kan ma'aunin nan, mu yi lissafi. Rahoton DataReportal na 2024 ya sa 'yan Nijeriya masu amfani da intanet cikin na gaba a duniya wajen daɗewa a kafafen sada zumunta, fiye da awa 3 a rana. Awa 3 sau kwana 365 ya ba da awa 1,095. Wato kwana 45 cur, dare da rana, ba barci, a shekara guda. Karanta Bisharar Markus daga farko har ƙarshe ba ya kai awa 2. Amma mu ne muke cewa ba mu da lokacin karatu, ba mu da lokacin gai da mara lafiya, ba mu da lokacin duba littafin makarantar yaro.

Ga kuma lissafin aljihu. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A ce mutum yana sa data ta naira 500 kowace rana. A wata ya kashe naira 15,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ka ga fiye da kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Ba mu sa kuɗin caji a shago ba, ba mu sa abin da cacar ƙwallo ta waya take kwashewa ba. Akwai gidajen da ake faɗa a kan kuɗin cefane, amma data ba ta taɓa yankewa.

LOKUTA HUƊU

Yanzu mu zo ga babban nassinmu. A Kubawar Shari'a sura 6, Musa yana yi wa Isra'ilawa gargaɗi kafin su shiga ƙasar alkawari. Ya ce su ƙaunaci Allah da dukan abin da suke da shi, su riƙe maganarsa a zuciya, su kuma koya wa 'ya'yansu. Bai ce su jira ranar taro ba. A aya ta 7 ya ambaci lokuta huɗu na kowace rana: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. A cikin waɗannan ƙananan lokuta ne bangaskiya take wucewa daga uba zuwa ɗa, daga kaka zuwa jika.

Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Waɗannan lokuta huɗu su ne daidai waɗanda waya ta karɓe. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Na fari, zama a gida. Yawancinmu da ke sauraron wannan shiri Hausa ba ita ce harshen da muka sha a nono ba. Akwai Gbagyi, da Nupe, da Kambari, da Kamuku, da Adara, da Koro, da sauransu. Da Hausa muke ciniki a Kasuwar Kure, da ita muke sujada a majami'u da yawa, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Yara suna koyon Turanci a makaranta, suna tsintar Hausa a unguwa. To harshenmu fa, a ina za su same shi? Wuri ɗaya ne kawai, a bakin iyaye, a tsakar gida. Waya ba za ta koya wa ɗanka sunan kakan kakansa ba. Ba za ta gaya masa yadda ake gai da surukai a garinku ba, ko yadda bishara ta fara shiga ƙauyenku, da irin wahalar da masu bi na fari suka sha. Harshe ba ya mutuwa da ƙara. Yakan mutu ne a gidan da manya suka yi shiru. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kira "Baba" sau uku bai sami amsa ba, wata rana zai daina kira. Ranar da muke so ya saurare mu, za mu tarar ya koyi sunkuyar da kai daga wurinmu.

Haka yake tsakanin miji da mata. Wata 'yar'uwa ta gaya mana cewa maigidanta yana dariya da mutanen zauren WhatsApp har hawaye, amma ita in ta yi masa magana sai "uhm" da "to". Maza ma suna da irin wannan kuka. Mutum yana iya kwana a gida kullum, amma ya daɗe da ƙaura.

Na biyu, tafiya a hanya. Dā in uba da ɗa suna tafiya gona, ko uwa da 'ya suna zuwa kasuwa, hira ake yi, a nan ake ba da shawarar da ba a iya bayarwa a gaban mutane. Yanzu ka shiga Keke Napep daga Mobil zuwa Bosso, kowa idonsa a ƙasa. Wani lokaci har mai tuƙin. A nan maganar ta wuce hira, ta zama ta rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da yake amfani da waya yana tuƙi, haɗarin da yake ciki ya ninka kamar sau 4. Dokar hanya ta ƙasarmu ma ta hana, Hukumar Kiyaye Haɗurra tana kama mutum a kai. Ɗan'uwa direba, mai bin hanyar Suleja ko ta Bida, rayukan da ke bayanka amana ce. Ba saƙon da ya kai ran mutum.

Na uku, kwanciya. Masana lafiya sun ce babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Hasken waya a ido da abin da take zubawa a zuciya suna kore barci. Mutum ya kwanta ƙarfe goma, ƙarfe ɗaya yana nan yana ja da yatsa. Gari ya waye ya tashi da ciwon kai da saurin fushi, ya huce a kan yara. Ranar Lahadi kuma ya yi ta gyangyaɗi a sujada. Dare ne kuma lokacin da ba mai ganin fuskar wayarka. Hirar da ba za ka so matarka ta karanta ba, hoton da ba za ki so mijinki ya gani ba, yawanci da dare suke shigowa. Sarki Dawuda ma, a 2 Sama'ila 11, daga kan gado ya tashi da yamma, ba aikin yi, ya hau soro, ido ya kai shi inda bai yi niyya ba. Soron yanzu yana ƙarƙashin matashin kai.

Na huɗu, tashi. Me hannunka yake fara nema da asuba? Da yawa a cikinmu, kafin mu ce wa Allah mun gode, kafin mu ce wa na kusa da mu ina kwana, mun riga mun haɗiye labarin kisa, da gardamar siyasa, da jita-jita. Kun tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola? Cikin dare saƙo ya bazu ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka yi ta ta da 'yan'uwansu daga barci. Ƙarya ce, amma aƙalla mutum biyu suka mutu, waɗansu da dama aka kwantar a asibiti. Waɗanda suka tura saƙon nan ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su. Ba su dai tsaya sun bincika ba. A jiha irin tamu, inda tsoro ya riga ya yi yawa, kuma muke zaune tare da maƙwabta na kabila dabam da addini dabam, tsohon bidiyo ɗaya da aka ce na jiya ne ya isa ya ta da fitina. Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da ɗan ƙaramin tartsatsi mai cinye jeji. A zamaninmu yatsa ya zama harshe. Abin da ka tura, kai ka faɗe shi.

MARTA BA MUGUWA BA CE

A Luka 10 Yesu ya sauka a gidan 'yan'uwa mata biyu. Maryamu ta zauna tana sauraronsa. Marta tana ta kai da kawowa da hidima, har ranta ya ɓaci, ta kawo ƙara. Ku lura, Marta ba zunubi take aikatawa ba. Abinci take shiryawa, domin Ubangiji ma take yi. Amma Yesu ya nuna mata cewa abubuwa da yawa sun raba mata hankali, alhali Baƙon da ake yi domin shi yana zaune a ɗakinta.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu ma'aikatan ikilisiya. Za mu ce ai zauren kwamiti ne, ai zauren zumuntar mata ne, ai na ƙungiyar mawaƙa ne, ai ayar safe nake turawa. Duka suna da kyau. Amma mutum yana iya tura "Amin" sau hamsin a rana bai yi addu'a ko sau ɗaya ba. Yana iya tura hoton ta'aziyya, bai taka ƙafa gidan makoki ba, ko da gidan yana bayan layinsu. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Har yanzu ba ta koma yatsa ba.

TO, ME ZA MU YI?

Ba mu ce a jefar da waya ba. Da yawa a cikinmu da ita suke neman abinci. Abin da muke roƙo shi ne mu karɓo lokutan nan huɗu. Kuma akwai shaida cewa ana iyawa. A 2018 waɗansu masana na Jami'ar Stanford da Jami'ar New York suka sa mutane su rufe Facebook ɗinsu na mako huɗu. A matsakaici, sun sami rarar kamar awa guda a rana. Sun ƙara zama da iyali da abokai, sun kuma ce sun ɗan fi jin daɗin ransu. Labaran duniya da suka sani dai sun ragu kaɗan. Ga shawarwari shida.

1. Ka fara da sanin gaskiya. Tun 2018 wayoyi da yawa suna da wurin da yake ƙirga awoyin da ka yi. A wayoyin Android sunansa Digital Wellbeing, a iPhone kuwa Screen Time. In ba ka iya nemo shi ba, ɗanka zai nuna maka. Ka duba, ka nuna wa matarka, ita ma ta nuna maka nata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. Lokacin cin abinci, a tara wayoyi a kwano ɗaya ko a kan taga, ta maigida ce ta fari. Bayan abinci a ba da ko rabin awa ga hira da harshenku. In akwai tsoho a gidan, a bar shi ya yi magana, a fassara wa yara.

3. A hanya, in kana tuƙi, kada ka taɓa ta. In kira ya zama dole, ka tsaya a gefe. In kana tafiya da ɗanka, ka bar ta a aljihu.

4. Da dare, a sa lokacin da za a rufe data. Saboda halin tsaro ba mu ce a kashe waya ba. A bar layi a buɗe domin kira, amma a ajiye ta inda sai ka tashi tsaye kafin ka kai gare ta.

5. Da safe, Allah tukuna, sa'an nan mutanen gida, sa'an nan waya. Kafin ka tura kowane labari, ka tambayi kanka: na tabbata gaskiya ne? Wa zai amfana? In ba amsa, ya tsaya a wurinka.

6. Ka kashe ƙarar shigowar saƙo ta abubuwan da ba dole ba, ka fita daga zaurukan da ba sa ƙara maka kome sai ɓacin rai. Ranar Lahadi, in da hali, ka ɗauki Littafi Mai Tsarki na takarda zuwa sujada, gama shi ba ya kawo saƙon kowa a tsakiyar wa'azi.

Wataƙila za ka gwada ka fāɗi. Mu ma mun gwada mun fāɗi, mun sake tashi. Kwanakin fari hannu zai yi ta zuwa aljihu shi kaɗai. Kada ka karai. Galatiyawa 5 ta lissafta kamunkai cikin albarkun da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a cikin mai bi, wato ba da ƙarfinmu kaɗai za mu yi ba. In abin ya kai ga caca, ko bashi, ko kallon abin kunya, kada ka rufe shi. Ka nemi fasto ko wani dattijo amintacce, in ya kama a ga likita, a gani. Ciwon da aka ɓoye shi ne yake kisa.

Mun sake komawa gidan nan da muka ba ku labari. Mun fara da neman gafarar tsohuwar, gama mu ma muna cikin masu laifi a daren nan. Maigidan ya ce abin bai zo da sauƙi ba, wani dare ana yi, wani dare a manta. Amma yaron ya gaishe mu da Gbagyi, kakarsa tana gyara masa, tana dariya.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Cikin lokutan nan huɗu, wanne ne waya ta fi cinyewa a gidanmu?
2. Yaushe rabon da mu ba yaranmu labari da harshenmu?
3. Nawa muka kashe a data a watan da ya wuce, me kuma muka samu?
4. Wane mutum ne ya kamata mu taka mu je wurinsa a wannan mako, maimakon mu tura masa saƙo?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin wayar da ka bari ta zo hannunmu, da dukan taimakon da muke samu ta wurinta. Mun tuba, gama sau da yawa mun ba ta lokacin da yake naka da na iyalanmu. Ka gafarta mana kiran 'ya'yanmu da ba mu amsa ba, da maganar tsofaffinmu da ba mu saurara ba, da labaran da muka baza ba mu bincika ba. Ka ba mu kamunkai ta wurin Ruhunka. Ka tsare ƙauyukanmu, ka ba jiharmu salama. Ka sa zamanmu, da tafiyarmu, da kwanciyarmu, da tashinmu su zama abin girmama sunanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. In an rufe rediyo, kada a yi saurin sa hannu a aljihu. A dubi wanda yake zaune kusa, a tambaye shi yadda ya wuni. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.